Yadda Tseren Sifidwe Ya Rasa Filayensa a Birtaniya

Babur ne marar birki, giyarsa ɗaya tak, injinsa mai ƙarfin sisi 500, man da yake sha kuwa metanol ne. Mahaya huɗu ke jeruwa a bayan igiya, da an ɗage ta sai su fyalle, su zagaye fili sau huɗu cikin kusan minti guda. In mahayi ya iso kwana ba ya rage wuta. Karkatar da babur yake yi har tayar baya ta zame gefe, ya ja ƙafar hagu a ƙasa da takalmin ƙarfe, jar tsakuwa tana feshi a kan 'yan kallon da suka jingina da shinge. Na ɗaya maki uku, na biyu maki biyu, na uku maki ɗaya, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. 'Yan kallo kuwa kowa da takardar jadawali da biro a hannu, yana rubuta sakamakon kowane zagaye da kansa. Wannan shi ne sifidwe, wasan da a shekarun 1970 ake cewa ƙwallon ƙafa kaɗai ya fi shi jama'a a Birtaniya. Yau ko fili ɗaya ba shi da shi a birnin Landan.

Daga Ostareliya ya taso. Galibin masu tarihin wasan suna ɗora farkonsa a kan gasar da Johnnie Hoskins ya shirya a filin baje kolin amfanin gona na West Maitland a watan Disamba na 1923. Wasan ya ƙetaro Ingila a 1928, inda taron High Beech na ranar 19 ga Fabrairu ya tara mutane kusan 30,000, abin da ya zarce duk tsammanin masu shirya shi. 'Yan kasuwa suka ga kuɗi a fili. Kafin shekara ta zagayo an buɗe wuraren tsere a ko'ina, an fara gasar ƙungiyoyi a 1929, an kuma yi gasar duniya ta farko a Wembley a 1936, wadda Lionel Van Praag ɗan Ostareliya ya lashe.

A cikin wannan gaggawa aka shuka abin da ake girba yau. Shekara biyu kafin zuwan sifidwe, a 1926, an fara tseren karnuka a Manchesta, kuma kamfanonin wannan harka sun riga sun gina manyan filaye masu rumfuna da fitilu a tsakiyar unguwannin ma'aikata. Mai shirya tseren babura bai ga dalilin sayen ƙasa ba. Sai ya kama haya, ya shimfiɗa tsakuwarsa a cikin da'irar da karnuka ke gudu, ya karɓi dare ɗaya a mako. Haka aka yi a Wimbledon da West Ham da Harringay da New Cross da Hackney da sauransu. Dabara ce mai sauƙi wadda ta sa wasan ya bazu cikin ƙiftawar ido, amma zanen aro ba ya rufe katara.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutane sun fito da ƙishin nishaɗi, abin kallo kuma kaɗan ne. Wembley kan tara dubun dubatar mutane a wasan mako, kuma zuwa 1949 yawan masu shiga kallo a shekara ya haura miliyan 10 a faɗin ƙasar. Sai dai gwamnati ta sa wasan a rukunin da ke biyan harajin nishaɗi mai tsanani, har kusan rabin kuɗin ƙofa na tafiya baitulmali, alhali ƙwallon ƙafa na biyan ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Kuɗin da ya kamata a ce an tara an sayi filaye da shi a lokacin yalwa, can ya tafi, sauran kuma ya shige aljihun masu shirya wasa. Daga nan talabijin ta shiga gidaje. Daga ƙungiyoyi sama da 30 a farkon shekarun 1950, gasar ƙasa ta koma ƙungiyoyi 11 a 1957, shekarar da Wembley ta janye bayan rasuwar Sir Arthur Elvin, mutumin da ya riƙe wasan a can.

Wasan ya sake farfaɗowa. An kafa gasar larduna a 1960, aka haɗe gasanni biyu a 1965, aka ƙara rukuni na biyu a 1968 domin renon matasa. Talabijin ɗin da ta kwashe masa jama'a ita ce ta dawo masa da su, domin tashar ITV ta riƙa nuna shi ranar Asabar da rana. Yara suka san sunan Ivan Mauger na Niyuzilan, wanda ya ci kambun duniya sau shida, da Peter Collins na ƙungiyar Belle Vue da ya ci a 1976. A 1981 sama da mutum 90,000 suka cika Wembley suka ga Bruce Penhall na Amurka ya zama zakaran duniya. Wannan ce gasar duniya ta ƙarshe da aka yi a filin.

Shekarun da suka biyo baya sun zo da duka a kan duka. Penhall, wanda ya fi kowa farin jini, ya ajiye babur a 1982 ya koma wasan kwaikwayo a talabijin ɗin Amurka. A 1984 jaridar Sunday People ta buga zargin cewa wasu mahaya na sayar da tsere, abin da ya zubar da mutuncin wasan a idon wanda ba ya bin sa sau da ƙafa. A 1985 ITV ta rufe shirin wasannin nan na Asabar. A watan Mayu na wannan shekarar gobara ta kashe mutum 56 a filin ƙwallon Bradford City, aka tsaurara dokokin tsaro a kan rumfunan katako. Filin Hyde Road na Belle Vue, wanda mahaya da yawa ke ɗauka a matsayin mafi kyau a ƙasar, na katako ne. Aka sayar da shi a 1987, aka rushe.

Duk waɗannan raunuka ne da za su iya warkewa. Wanda bai warke ba shi ne na filaye. Tun da aka halatta shagunan caca a 1961, mai son yin caca a kan karnuka bai da bukatar zuwa fili, don haka kasuwar masu gidan ta fara mutuwa. Darajar fuloti a birane kuwa sai hawa take yi. Mai fili ya duba abin da ɗan haya ke kawo masa a dare ɗaya, ya duba abin da kamfanin gine-gine ya taya, lissafin ba ya bukatar dogon tunani. West Ham ta tafi a 1972, aka yi gidaje a wurin. Cradley Heath, ƙungiyar da ta yi tashe a shekarun 1980, ta rasa filinta a 1995. Wimbledon da Exeter sun bi a 2005, Reading a 2008, Coventry a ƙarshen 2016. A 2023 Wolverhampton, wadda aka fara tsere a filinta tun 1928, ta tattara kayanta saboda mai filin ya ƙi sabunta haya, Peterborough ma ta rasa nata a shekarar. Abin da ya fi ciwo shi ne da yawa daga cikinsu ba rashin 'yan kallo ne ya kashe su ba, takardar sallama kawai aka miƙa musu. Samun sabon wuri kuma ya zama jan aiki, domin duk inda aka nufa sai maƙwabta su kai ƙarar ƙugin injin da ƙura gaban hukumar gari.

Wanda ke shakkar wannan bayani ya dubi Folan. Babur iri ɗaya ne, dokoki kusan iri ɗaya, su ma suna da talabijin da intanet da duk abin da ake cewa ya ɗauke hankalin matasa. Amma a can yawancin filayen mallakar hukumomin birane ne, kuma gari na ɗaukar ƙungiyarsa a matsayin abin alfahari. Birnin Torun ya gina sabon fili mai rufi a 2009 musamman domin wannan wasa. A Leszno da Gorzow da Zielona Gora mutum dubu goma a wasan mako ba abin mamaki ba ne. Inda jama'a suke can kuɗin talla ke zuwa, inda kuɗi yake can mahaya ke tafiya. Tai Woffinden, Baturen Ingila da ya ci kambun duniya a 2013 da 2015 da 2018, ya shafe shekaru yana yi wa ƙungiyar Wroclaw tsere ba tare da ya shiga gasar ƙasarsa ba. Da Folan ta riƙe Juma'a da Lahadi, gasar duniya ta riƙe Asabar, babbar gasar Birtaniya ta koma Litinin da Alhamis, dararen da uba ba zai fito da ɗansa ba saboda makaranta da safe.

Shugabannin wasan ma da nasu laifin, kuma bai kamata a rufe shi ba. Masu ƙungiyoyi su ne ke mulkin gasar, su ke sauya dokoki kusan kowace shekara gwargwadon bukatar aljihunsu. Saboda ƙarancin mahaya, mutum ɗaya kan yi wa ƙungiyoyi biyu tsere a rukuni biyu, kuma idan wani ya ji rauni sai a aro mahayi daga ƙungiyar hamayya. Magoyin baya zai iya ganin wanda ya yi wa ihu makon jiya sanye da rigar ƙungiyarsa yau. Ga tsada: tun da injina masu bawul huɗu suka shigo a tsakiyar shekarun 1970, kuɗin gyara ke ƙaruwa, kuma mahayi ne ke ɗaukar nauyin baburansa da makanikinsa. Ga ruwan sama da kan soke wasa bayan mutane sun riga sun iso. Zagaye 15 na minti ɗai-ɗai kuma a ja shi har kusan awa biyu, tarakta tana ta share fili, mutane na tsaye cikin sanyi. Kuɗin da tashar Sky ta zuba daga 1999 yawancinsa a albashin mahaya ya ƙare, ba a ga fili ko ɗaya da gasar ta saya da shi ba.

Inda aka sami wurin zama tabbatacce, wasan na numfashi. Hukumar birnin Manchesta ta gina wa Belle Vue sabon fili a 2016, ƙungiyar kuma ta ci gasar ƙasa a 2022. A Oxford, mazauna gari sun yi shekaru suna hana a rushe filinsu bayan an daina tsere a 2007, har aka sake buɗe shi a 2022. Amma gasar duniya ta Birtaniya, wadda daga 2001 aka riƙa yi a babban filin Cardiff gaban mutum sama da 40,000 a shekarunta na tashe, an mayar da ita filin Manchesta a 2025, wanda ba ya ɗaukar mutum 10,000. A ƙarshen wannan kakar ƙungiyar Birmingham ma ta bar Perry Barr, domin za a gina gidaje a wurin.