Ilimin sinadaran ƙwaƙwalwa da cutar taɓin hankali

A watan Oktoban 2019, 'yan sanda a jihar Katsina sun kuɓutar da mutane 67 daga wata cibiyar gyaran hali da ke garin Daura, da yawa daga cikinsu da mari a ƙafa.

Iyalansu ne suka kai akasarinsu wurin, wasu saboda shaye-shaye, wasu kuma saboda halayyar da ta gagari gida.

Ga mazaunin Mai'adua, garin da ke kan iyakar Najeriya da Nijar a masarautar Daura, manyan asibitocin masu taɓin hankali suna da nisa: Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato. Ƙungiyar kare haƙƙin bil Adama ta Human Rights Watch ta ce a shekarar 2019 likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a duk faɗin ƙasar.

Masu binciken yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, waɗanda a kan sakamakonsu likitocin ke dogara, su ma ƙalilan ne.

Yadda ƙwaƙwalwa ke aika saƙo

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Tsakanin kowace ƙwaya da maƙwabciyarta akwai ɗan siririn giɓi, kuma wasu sinadarai ne ke tsallake shi ɗauke da saƙo.

Daga cikinsu akwai dofamin, mai hannu a motsin jiki da sha'awar abu. Da serotonin, mai alaƙa da barci da ci da yanayin zuciya. Da gulutamet, mai zaburar da ƙwayoyin jijiya. Sai GABA, mai kwantar da su.

Aikin masanin wannan fanni shi ne gano abin da ke faruwa idan wannan tsari ya sami tangarɗa, da kuma yadda magani ke gyara shi.

Maganin da ya riga bayani zuwa

A tarihin fannin, magunguna sun riga fahimta zuwa. A 1949, wani likita ɗan Ostareliya, John Cade, ya gano cewa sinadarin lisiyam yana kwantar da masu fama da zumuɗin hankali mai tsanani.

A 1952 kuma, Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada maganin chlorpromazine a wani asibiti a birnin Paris, inda suka ga yana rage jin muryoyi da ganin abin da babu shi. A lokacin babu wanda ya san dalili.

Wanda ya buɗe ƙofar bayanin shi ne Arvid Carlsson, ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya yi karatu a Jami'ar Lund. A 1957 ya ba wa zomaye maganin reserpine, suka sandare suka kasa motsi. Da ya ba su L-DOPA, wanda jiki ke mayarwa dofamin, sai suka tashi suka ci gaba da zirga-zirga.

Wannan gwaji ya share hanyar maganin cutar makyarkyata ta Parkinson. A 1963 Carlsson ya nuna alamun cewa magungunan taɓin hankali suna toshe wuraren da dofamin ke sauka ne. An ba shi kyautar Nobel a shekarar 2000, ya kuma rasu a 2018 yana da shekara 95.

Shi reserpine ɗin daga saiwar itatuwan dangin Rauvolfia ake samunsa. Ɗaya daga cikinsu yana fitowa a dazuzzukan Afirka ta Yamma, Yarabawa na kiransa asofeyeje, kuma masu maganin gargajiya a kudancin Najeriya sun daɗe suna ba wa masu taɓin hankali shi.

Sai dai masana na gargaɗin cewa bayanin sinadarai bai ƙare zance ba. Wani nazari da aka wallafa a 2022 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Joanna Moncrieff ta Landan bai sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa ƙarancin serotonin ne ke haddasa ciwon damuwa ba, kodayake wasu masanan sun soki nazarin. Abin da aka fi yarda da shi shi ne gado, da wahalar rayuwa, da firgici, da miyagun ƙwayoyi duk suna da hannu.

Najeriya da wannan fanni

Wanda ake ɗauka a matsayin uban likitancin ƙwaƙwalwa a Najeriya shi ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo. A 1954 ya ɓullo da wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zaune a gidajen ƙauyawa tare da danginsu, suna zuwa asibiti karɓar magani. Ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

A Arewa, ɗaya daga cikin sanannun masu binciken ƙwaƙwalwa shi ne Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe. Ya karanta ilimin sassan jikin ɗan Adam a Jami'ar Maiduguri, sannan ya yi digiri na biyu da na uku a Jami'ar Sussex da ke Ingila.

Bincikensa ya fi karkata ga cutar mantuwa ta Alzheimer, musamman wani furotin mai suna tau, wanda ke dunƙulewa a cikin ƙwayoyin jijiyar masu cutar. A 2021 ya jagoranci kafa cibiyar bincike da horaswa ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, domin ɗalibai su sami na'urorin da a da sai an ƙetare teku ake taɓa su.

A shekarar ce kuma shi da abokan aikinsa suka wallafa nazari kan maƙalu 5,219 da masu binciken ƙwaƙwalwa na Afirka suka jagoranta tsakanin 1996 da 2017. Masar da Afirka ta Kudu ne ke kan gaba, Najeriya na biye da su. Nazarin ya nuna cewa ba a cika amfani da na'urorin zamani ba, kuma yawancin kuɗin binciken daga ƙasashen waje yake zuwa.

Hanyar shiga aikin

Hanyoyi biyu ne. Mai son zama likitan ƙwaƙwalwa zai yi shekara shida a makarantar koyon likita, da shekarar koyon aiki, da hidimar ƙasa, sannan wasu shekaru na ƙwarewa a asibitin koyarwa.

Mai son bincike kuwa yana iya farawa da digiri a ilimin sassan jiki, ko aikin gaɓoɓi, ko haɗa magunguna, ko sinadaran halittu, kamar yadda ake koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano. Daga nan sai digiri na biyu da na uku, sai aiki ƙarƙashin wani babban masani kafin mutum ya tsaya da ƙafarsa. Tafiyar kan haura shekara goma.

Matsalolin sanannu ne: ƙarancin wutar lantarki, da tsadar kayan gwaji, da ƙauracewar ƙwararru zuwa Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa.

Tambayoyin da ke jira

Wani binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a shekarar da ta gabaci binciken. Miliyan 4.6 daga cikinsu sun sha irin su tiramol ne ba bisa umarnin likita ba.

Tiramol na taɓa wuraren da ke rage zafin ciwo a ƙwaƙwalwa, yana kuma ƙara yawan serotonin, kuma idan ya yi yawa yakan jawo farfaɗiya. Illarsa ga matashin da ke sha kullum domin jure aikin ƙarfi tana cikin abubuwan da ke buƙatar bincike a gida.

Haka kuma yawancin nazarin gadon cututtukan ƙwaƙwalwa a kan jinsin Turawa aka yi shi, alhali mutanen Afirka sun fi kowa bambancin ƙwayoyin gado.

Ta fuskar doka, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, wanda ɗan Daura ne, ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairun 2023. Ita ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majinyaci na samun magani ba tare da wulaƙanci ba.