Zazzaɓin Lassa: Yadda Aka Gano Shi

Zazzaɓin Lassa cuta ce da ƙwayar bairos ke haddasawa, kuma galibi ana ɗaukarta ne daga abinci ko kayan gida da fitsari ko kashin ɓera ya taɓa. Ta ci sunan Lassa, garin Margi da ke ƙaramar hukumar Askira/Uba a kudancin Jihar Borno. A 1969, shekarar da aka gano ta, garin yana cikin Jihar Arewa maso Gabas, wadda Maiduguri ce hedikwatarta.

A watan Janairun shekarar, Laura Wine, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka da ke aiki a asibitin mishan na Lassa, ta kwanta da ciwon baya da zazzaɓi da gyambo a maƙogwaro. Aka ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro da penisilin, ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Aka ɗauke ta a ƙaramin jirgin sama zuwa wani asibitin mishan a Jos, can ta cika. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, tana da ɗan yanka a yatsa, kuma da wannan hannun ta riƙa goge wa marar lafiyar baki. Ita ma da ta kwanta ba ta tashi ba. Ta ukunsu, Lily Pinneo, wadda ta taimaka wajen binciken gawar Shaw, ita ma ta kamu, amma ita ce mai sauran kwana: aka kai ta Legas, daga nan New York, inda ta sha doguwar jinya ta warke.

Jininta da na abokan aikinta aka aika Jami'ar Yale, inda Sonja Buckley da Jordi Casals da Wilbur Downs suka tace wata ƙwayar cuta da ba a taɓa sani ba. Aikin bai tafi salin-alin ba. A watan Yuni Casals da kansa ya kamu, har aka fara fid da rai da shi, sai aka ɗebi ruwan jinin Pinneo, wanda ya riga ya samu garkuwa, aka ƙara masa, ya farfaɗo. Kafin shekara ta ƙare wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, Juan Roman, ya rasu, alhali ba shi ne ke aiki da ƙwayar ba. Ganin haka Yale ta dakatar da binciken, aka mayar da shi cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, a Atlanta.

A farkon 1970 cutar ta sake ɓulla a Jos. Mutum 28 suka kamu, 13 suka rasu, ciki har da Dakta Jeanette Troup, wadda ta yanke yatsa tana binciken gawa. Yawancin waɗannan mamata 'yan ƙasa ne, amma da wuya ka ji an ambaci sunan ɗayansu idan ana ba da wannan labari. Wannan gibi ne a tarihin, ba ƙarami ba.

Sauran tambaya ita ce ina cutar ke maƙalewa. Amsar ta zo daga Saliyo bayan wata annobar cutar da ta ɓarke can a 1972, inda ayarin Thomas Monath ya samu ƙwayar a jikin wani ɓera mai nonuwa da yawa, wanda masana ke kira Mastomys natalensis. Shi ɓeran ba ta kayar da shi, yana yawo da ita ne tsakanin gona da rumbu da ɗakin girki. A Saliyo ɗin dai Joseph McCormick da abokan aikinsa suka nuna a 1986 cewa maganin ribavirin yana rage mace-mace idan an fara shi cikin kwanaki shida na farko.

A nan matsalar take, domin farkon ciwon bai da maraba da zazzaɓin cizon sauro ko taifot. Kusan kashi 80 cikin ɗari na masu kamuwa ba sa jin jiki sosai, wasu ma ba sa sanin sun yi. Cikin waɗanda suka warke kuwa, kimanin ɗaya cikin huɗu kan samu kurumta, wadda takan sake wasu, wasu ta zauna musu.

Lassa ba ita ta haifi cutar ba, a can dai aka fara lura da ita. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2015 ya nuna ta haura shekara dubu a ƙasar da ake kira Nijeriya yau. A wannan shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina laƙaba wa sababbin cututtuka sunan gari ko ƙasa, sai dai ga mutanen Lassa bakin alƙalami ya riga ya bushe. Yanzu an fi samun cutar a jihohin Ondo da Edo da Bauchi da Taraba, musamman da rani, kuma babbar cibiyar bincike da jinyarta tana asibitin koyarwa na Irrua a Edo. A 2024 aka fara gwajin mataki na biyu na wata allurar rigakafinta a Abuja.