Tarihin Murhu da Jin Ɗumi

Wanda ya taɓa kwana a Tambuwal cikin watan Janairu ya san abin da ake kira hunturu. Da asuba iska na busowa, hazo ya rufe gari, sai ka ga mutane sun kewaye wutar kara a bakin hanyar Jega, gabansu na ƙuna, bayansu na ɗari. Halin wutar fili ke nan tun fil azal: ta ci itace da yawa, zafinta kuwa ya bi iska.

Murhun da muka gada duwatsu uku ne. Masana sun auna, sun ga cikin kashi goma na zafin da itace ke bayarwa a irin wannan murhu, da ƙyar ɗaya ko biyu ke shiga tukunya. A da ba wanda ya damu, gama daji na nan kusa, musamman wajen Kebbe, inda marke da ƙirya da taramniya suke da yawa. A zamanin En'e an yanke gandun daji, an sa masu tsaro, amma mutane suka yi ta ƙaruwa, gonaki suka ci daji, har itace ya zama abin saye, talaka ya koma ga kara da kashin shanu.

Kada a ce kakanninmu ba su da dabara. Akwai gadon ƙasa, wanda ake ginawa da ƙofa a ƙarƙashinsa, a zuba garwashi da almuru domin tsofaffi da masu jego. Ƙasar ta sha zafin, ta riƙa sakinsa a hankali har wayewar gari. Mutanen arewacin Sin ma suna da irinsa. A ganina wannan gado ya fi murhun girki hikima nesa, don shi ya tsare wuta a wuri guda.

A ƙasashen Turawa, inda sanyi ke kisa, an daɗe ana neman wannan hanya. Wajen shekarar 1742 wani mutumin Amurka, Benjamin Franklin, ya ƙera murhun ƙarfe na cikin ɗaki. Nasa bai yi kyau sosai ba, sai da waɗansu suka gyara shi a baya. Da man fetur ya yi tsada a 1973, Amurkawa da yawa suka koma ga itace, hayaƙi ya dami garuruwa, har a 1988 gwamnatinsu ta yi doka a kan yawan hayaƙin da sabon murhu zai fitar. Wannan doka ce ta tilasta wa maƙeransu gyaran aiki.

To, ga asirin abin. Hayaƙi ba wani abu ba ne illa itacen da bai gama ƙonewa ba. In itace ya yi zafi, yakan fitar da wani tururi mai kama wuta, wanda ke ɗauke da rabin ƙarfinsa ko fiye. A wutar fili tururin nan yakan huce, ya tashi a banza, ya baƙanta rufin ɗaki, ya shiga ido da ƙirji. Murhun zamani akwati ne na ƙarfe, an jera masa ƙonannen tubali a ciki don wutar ta yi zafi ƙwarai, yana da ƙofar gilashi mai rufuwa ruf. Iska ba ta shiga sai ta inda aka yi mata hanya. Ta farko tana shiga ta ƙasa, ta hura itacen. Ta biyu kuwa sai ta bi jikin ƙarfen ta ɗauki zafi tukuna, kana ta fito ta ƙananan huji a sama, ta gamu da hayaƙin, ya kama da wuta. Akwai kuma faifan ƙarfe a sama mai tare harshen wuta, ya sa ta yi kewaye kafin ta kai bututun hayaƙi. Ta haka kashi 70 ko 80 cikin 100 na zafin ke zama a ɗaki. Amma fa sai da busasshen itace, gama ɗanye kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wutar sai ta ƙare wajen busar da shi.

Mu nan ba ɗumin ɗaki ne babbar bukatarmu ba, don sanyinmu na wata biyu ko uku ne. Girki kuwa kullum ne. Bayan farin 1973 da na 1984 aka tashi neman murhun da zai rage cin itace. A Nijar, cikin shekarun 1980, maƙeran Yamai suka riƙa ƙera murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, wanda tukunya ke zama a cikinsa iska ba ta kwashe wutar. A Sakkwato an kafa cibiyar binciken makamashi a jami'a a 1982, ita ma ta fito da murhunan laka da na ƙarfe. Daga baya aka kawo wani daga Jamus mai suna Save80, wanda masu yinsa suka ce yana rage kashi 80 cikin 100 na itace. Kyau dai yana da shi, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin mace mai sayar da fura. Murhun laka kuwa ba ya bukatar kome sai yumɓu da ciyawa: a kewaye duwatsun nan uku da gini daidai girman tukunya, a bar ƙofa guda ta sa itace, da ɗan fili kamar kaurin yatsa tsakanin tukunya da gini.

Saura magana guda game da ɗumi. Murhun Turawa yana da bututu mai fitar da dattin wuta waje; kaskon garwashi da gadon ƙasa ba su da shi. Gawayi in yana ci a ɗakin da aka toshe, yakan fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Ta kan fara da ciwon kai da jiri, mai barci kuwa ba ya farkawa. Wanda zai shiga da wuta ɗaki, ya bar taga a buɗe, ya kuma fitar da kaskon kafin ya kwanta.