Ƙanshin da Ya Tona Asirin Mai Shi

A shekara ta 43 kafin haihuwar Almasihu, mutum uku da suka ƙwace mulkin Roma, wato Antoniyas da Oktafiyan da Lefidus, suka fitar da jerin sunayen waɗanda za a kashe. A ciki akwai wani babban mutum mai suna Lukiyas Fulotiyas. Ya tsere ya ɓuya a wajajen Salerno, kudu da Roma. Abin da ya jawo masu farautarsa har gidan shi ne ƙanshin man da ya saba shafawa. Suka kama bayinsa suna gana musu azaba, bayin suka ƙi faɗin inda yake, har tausayinsu ya sa ya fito da kansa aka kashe shi.

Filini Babba, masanin Roma da ya rasu a shekara ta 79 bayan haihuwar Almasihu, ya ambaci ƙanshin da ya tona asirin Fulotiyas a littafinsa na tarihin halitta. Filini ba ya ƙaunar turare ko kaɗan. A ganinsa lu'ulu'u ana gadonsa, tufafi suna daɗewa, turare kuwa da an shafa ya bi iska. Ya ce akwai wanda farashin awo ɗaya nasa ya wuce dinari 400. Sai ya ƙara da wata magana wadda ni a wurina ta fi sauran nauyi: wanda ya shafa ba ya jin ƙanshin da ke jikinsa, wasu yake saya wa daɗin.

Gaskiya ya faɗa, domin haka hanci yake. In ƙanshi ɗaya ya daɗe yana shigarsa, sai ya saba, ya daina kai labari. Mai turare ya ɗauka ƙanshin ya gushe, ya ƙara, gobe ma ya ƙara, alhali na kusa da shi numfashi yake nema. Sau da yawa abin da muke kira fahariya rashin ji ne kawai. Fahariyar ma akwai ta: an ruwaito cewa a jana'izar matarsa Fofeya, a shekara ta 65, Kaisar Niro ya ƙone kayan ƙanshi fiye da abin da ƙasar Larabawa ke fitarwa a shekara guda.

Mai karatu zai iya tuna Maryamu ta Betanya, wadda a wannan ƙarni ɗin ta zuba wa Yesu man nardi da Yahuza ya yi wa kuɗi dinari 300, kusan ladan ma'aikaci na shekara. Ƙanshin ya gauraye gidan, Ubangiji kuwa bai tsauta mata ba. Amma Maryamu ba jikinta ta shafa wa ba, kuma sau ɗaya ta yi, mutuwarsa na gabatowa. Wannan ba hujja ba ce ga wanda ke shiga majami'a ran Lahadi yana sa mai ciwon asma tari a benci ɗaya da shi.

Tun da hancin mai shafawa ba shaida ba ne, sai a nemi na wani. Ɗigo ɗaya ko biyu a wuya da wuyan hannu, bayan wanka, ya wadatar. In mutanen gida suna ji daga bakin ƙofa, ya yi yawa. A Roma, wani saurayi ya ji wannan gaskiya daga bakin da bai zata ba. Ya zo gode wa Kaisar Basfasiyan, wanda ya hau mulki a shekara ta 69, saboda muƙamin da ya ba shi, yana ta tashin turare. Kaisar ya kawar da kai, ya ce da warin tafarnuwa ya ji a jikinsa da ya fi masa, sannan ya soke naɗin.