Takin gida da takin tsutsa: Yadda ake mayar da shara abincin shuka

Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2024 ya nuna cewa a 2022 an zubar da abincin da ya kai tan biliyan 1.05 a faɗin duniya, kuma kimanin kashi 60 cikin 100 na wannan asara a gidajen jama'a aka yi ta.

Abincin da aka zubar yakan ƙare ne a juji, inda yake ruɓewa a ƙarƙashin tulin shara ba tare da iska na ratsa shi ba. Irin wannan ruɓewa ce ke fitar da iskar metan, wadda ƙarfinta wajen ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon kusan sau 28 a tsawon shekaru 100.

Wannan dalili, tare da tsadar takin zamani, ya sa haɗa taki a gida ke ƙara samun karɓuwa a birane da karkara. Ga bayani kan yadda ake yin sa, da kayan da ake buƙata, da kuma rawar da tsutsar ƙasa, wadda Hausawa ke kira tana, ke takawa a cikinsa.

Mene ne takin gida?

Takin gida shi ne abin da ke saura bayan ƙananan halittun da ido ba ya iya gani sun narkar da ragowar tsirrai da kashin dabbobi. Idan ya nuna yakan yi duhu, ya yi laushi a hannu, ya kuma riƙa ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari.

Waɗannan halittu na buƙatar abubuwa huɗu: busassun kaya, ɗanyun kaya, iska da kuma laima.

Busassun kaya sun haɗa da busasshen ganye, karan dawa, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, garin katako da kwali. Su ne ke samar da sinadarin kabon. Ɗanyun kaya kuwa sun haɗa da ɓawon kayan marmari, ragowar kayan miya, ɗanyar ciyawa da kashin dabbobi, waɗanda ke samar da sinadarin naitirojin.

Masana sun ce haɗin da ya fi dacewa shi ne kabon kashi 25 zuwa 30 ga kowane kashi 1 na naitirojin. A aikace, bokiti biyu ko uku na busassun kaya ga bokiti ɗaya na ɗanyu yakan kusanto wannan ma'auni.

Asalin fasahar

Manoma sun daɗe da sanin amfanin taki. A kewayen birnin Kano, alal misali, an shafe shekaru aru-aru ana kwasar shara da toka da kashin dabbobi daga cikin gari a kan jakuna zuwa gonaki, abin da ya taimaka aka riƙa noma filayen yankin kowace damina ba tare da an bar su sun huta ba.

Ta fuskar kimiyya kuwa, a shekarar 1881 Charles Darwin na Ingila ya wallafa littafi kan yadda tsutsar ƙasa ke sarrafa ruɓaɓɓen ganye ya zama ƙasa mai albarka. Shekara guda bayan haka ya rasu.

Daga 1924 zuwa 1931 wani masanin aikin gona ɗan Birtaniya, Albert Howard, ya tsara hanyar jera kayan taki hawa-hawa tare da juya su lokaci-lokaci a garin Indore na ƙasar Indiya, bayan ya nazarci yadda manoman ƙasar ke yi. Har yau da sunan garin ake kiran wannan hanya.

Kiwon tsutsa a akwati a cikin gida ya yaɗu ne a Amurka bayan da wata masaniyar halittu daga jihar Michigan, Mary Appelhof, ta wallafa littafi a kansa a 1982. Ƙasar Kuba kuma ta rungumi takin tsutsa sosai bayan rugujewar Tarayyar Sobiyat a 1991, lokacin da takin zamanin da take samu daga can ya yanke.

Kayan aiki

Hanya mafi sauƙi ita ce tuli ko rami. Ana son tulin ya kai kimanin mita 1 a tsawo da faɗi da tsayi, domin wanda bai kai haka ba ba ya riƙe zafi. A wuraren da ke da zafi da ƙarancin ruwa rami ya fi dacewa, saboda yana hana kayan saurin bushewa. Shebur da manjagara da rariya sun wadatar a matsayin kayan aiki.

Ta biyu ita ce akwati na katako ko na roba mai murfi, wanda aka huda gefensa domin iska. Tsohon duro ma yana yin wannan aiki. Amfaninsa shi ne tsafta da kuma hana kaji da awaki tone kayan.

Akwai kuma ganga mai juyawa, wadda ake ɗora ta a kan ƙarfe ana murza ta da hannu. Tana sauƙaƙa aikin juyi, tana kuma hana ɓeraye shiga, sai dai ba ta ɗaukar kaya da yawa, kuma ta fi tsada.

Wata hanyar ita ce bokashi, wadda ta samo asali daga Japan, inda Farfesa Teruo Higa na tsibirin Okinawa ya yaɗa ta a shekarun 1980. Ana danna ragowar abinci a bokiti mai rufewa ruf, a barbaɗa masa dusa mai ɗauke da wasu ƙwayoyin halitta, a bar shi kimanin mako 2 ya yi tsami. Daga nan sai a binne shi a ƙasa ya ƙarasa ruɓewa.

A 'yan shekarun nan an fito da na'urori masu aiki da lantarki da ke busar da ragowar abinci su niƙe shi cikin sa'o'i. Abin da suke fitarwa busasshen garin abinci ne, wanda sai ya ruɓe a ƙasa ko a tuli kafin shuka ta amfana da shi.

Tulin da aka haɗa da kyau yakan ɗauki zafi cikin 'yan kwanaki, har ya kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Selsiyos. Wannan zafi ne ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Idan ana juya shi duk mako ɗaya ko biyu, yakan nuna cikin wata 2 zuwa 3. Wanda aka bari ba juyi kuwa yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara guda.

Takin tsutsa

A wannan hanya tsutsa ce ke cin ragowar abincin, kashin da take fitarwa kuma shi ne takin. Ba kowace tsutsar ƙasa ce ke yin wannan aiki ba. Wadda ke haƙa rami mai zurfi a gona ba ta jure zaman akwati. Ana amfani ne da jinsunan da ke rayuwa a sama-sama, cikin ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi.

Wadda aka fi sani a Turai da Amurka ita ce jar tsutsa, mai suna Eisenia fetida a kimiyyance. Ta fi walwala a digiri 15 zuwa 25, kuma takan mutu idan zafin akwatin ya haura digiri 35.

Akwai kuma Eudrilus eugeniae, wadda asalinta daga Afirka ta Yamma ne, kuma a yau ana kiwon ta a Indiya da wasu ƙasashen Asiya masu zafi. Ta fi jar tsutsa girma, tana son ɗumi na digiri 25 zuwa 30, amma ba ta jure sanyi.

Tsutsa ba ta da ido ko haƙori, kuma ta fata take numfashi. Shi ya sa take gudun haske, take kuma mutuwa da zarar jikinta ya bushe. Kowace ɗaya na ɗauke da gaɓoɓin namiji da na mace, amma a bisa al'ada sai biyu sun haɗu ake samun ƙwai. Ƙwan jar tsutsa kan ƙyanƙyashe cikin kimanin mako 3, 'ya'yan kuma su balaga cikin kimanin wata 2.

A yanayi mai kyau tsutsa kan ci abin da ya kai rabin nauyinta a rana. Rabin kilo na jar tsutsa, wato kimanin guda 1,000, ya isa ƙaramin gida ya fara da shi.

Yadda ake haɗa akwatin

Ana samun akwati ko babbar roba mai zurfin santimita 30 zuwa 40, a huda ƙasanta domin ruwa ya tsiyaye, a huda gefe da murfi domin iska. A kasuwa akwai masu faranti hawa-hawa, inda tsutsar ke haurawa sama idan ta cinye abin da ke ƙasa.

Sai a yi mata shimfiɗa da yayyagaggen kwali ko tsohuwar jarida ko busasshen ganye, a jiƙa shi yadda idan an matse a hannu ɗigo ɗaya ko biyu kawai zai fito. Ana ƙara tafin hannu guda na ƙasa ko niƙaƙƙen ɓawon ƙwai, saboda tsutsa na amfani da ɗan tsakuwa wajen niƙa abinci a cikinta.

A makon farko ana ba ta abinci kaɗan, a riƙa binne shi a ƙarƙashin shimfiɗar, a kuma rufe saman da jiƙaƙƙen buhu. Dole ne a ajiye akwatin a inuwa, musamman da bazara.

Tsutsa na son ɓawon ayaba, kankana, gwanda, kabewa, ganyen shayi da ragowar ganyayyaki. Kashin shanu ma abinci ne mai kyau, muddin ya kwana biyu ya huce, domin sabo yakan ɗauki zafi ya hallaka ta.

Ana guje wa nama, kifi, madara, mai da abinci mai gishiri ko yaji. Lemo da albasa kuwa kaɗan ake sawa. Ba a zuba kashin mutum ko na kare ko na kyanwa, kasancewar akwatin tsutsa ba ya yin zafin da zai kashe ƙwayoyin cuta.

Bayan wata 3 zuwa 6 takin kan nuna. Hanyar kwashewa mafi sauƙi ita ce a tura shi gefe guda, a zuba sabuwar shimfiɗa da abinci a ɗaya gefen. Cikin 'yan makonni tsutsar za ta koma can da kanta.

Matsalolin da aka fi fuskanta

Wari alama ce ta cewa ruwa ko abinci ya yi yawa, iska kuma ta yi ƙaranci. Maganinsa shi ne a dakatar da ba da abinci, a ƙara busasshen kwali, a ɗan sassauta shimfiɗar.

Ƙananan ƙudaje kan taru idan aka bar abinci a fili. Idan kuwa aka ga tsutsa na tururuwar fita daga akwati, to akwai abin da ya dame ta, ko zafi, ko tsami, ko yawan ruwa.

A ƙasashe masu zafi manyan abokan gabar tsutsa su ne cinnaka da kwarkwasa, sai kaji, ƙadangaru da ɓeraye. Masu kiwo kan ɗora akwatin a kan benci, su tsoma ƙafafunsa cikin gwangwanayen ruwa. Da hunturu kuma bushewa ce babbar barazana, don haka ana yawaita yayyafa ruwa.

Ruwan da ke tsiyayewa daga ƙasan akwati na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Masana na ba da shawarar kada a zuba shi a kan kayan lambun da ake ci ɗanye, irin su latas da tumatir.

Amfaninsa da iyakarsa

Takin gida ba shi da ƙarfin takin zamani ta fuskar sinadarai. Naitirojin ɗin da ke cikinsa yawanci kashi 1 zuwa 2 ne cikin 100, alhali na takin yuriya ya kai kashi 46.

Babban alfanunsa shi ne gyara ƙasar kanta. Yana taimaka wa ƙasa mai yashi ta riƙe ruwa, yana sassauta mai laka, yana kuma sa shuka ta fi cin moriyar takin zamanin da aka zuba mata. Saboda haka ne masana aikin gona da dama ke ba da shawarar a haɗa biyun.

Akwatin gida ɗaya ba zai wadatar da babbar gona ba. Ya fi dacewa da lambun bayan gida, da shuka a buhu ko tukunya, da kuma wurin renon dashe.

Matakan da gwamnatoci ke ɗauka

Koriya ta Kudu ta haramta binne ragowar abinci a juji a 2005, sannan a 2013 ta wajabta wa gidaje biyan kuɗi gwargwadon abin da suka zubar. A yau ƙasar na sake sarrafa kusan kashi 95 cikin 100 na irin wannan shara zuwa taki, abincin dabbobi da iskar gas.

A Faransa, tun daga ranar 1 ga watan Janairun 2024 doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin samar wa jama'a hanyar ware sharar abinci daga sauran shara. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara aiki da makamanciyar wannan doka a 2022.

A nahiyar Afirka batun ya fi karkata ga ƙarancin taki. A taron da suka yi a Abuja a 2006, shugabannin nahiyar sun yi alkawarin ɗaga yawan takin da ake zubawa daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015, burin da bai cika ba. Farashin takin zamani ya kuma yi tashin gwauron zabo a 2021 da 2022, musamman bayan mamayar da Rasha ta kai wa Yukren.

A wani taron da aka yi a Nairobi a watan Mayun 2024, shugabannin sun amince a ninka har sau uku yawan takin da ake samarwa a nahiyar kafin 2034, na zamani da na gargajiya baki ɗaya. Alƙaluman Bankin Duniya na 2018 sun nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi fiye da rabin sharar da ake tarawa ragowar abinci ce da tsirrai, wato irin kayan da ake haɗa wannan taki da su.