Daga Sandar Kakkaɓa Zuwa Tagwayen Buroshi: Yadda Kafet Ya Riƙa Zaɓar Injinsa

A tsakar tsofaffin gidajen haya na Jamus da Foland, har gobe akan tarar da wani ƙarfe kafe a ƙasa, mai kama da turakun gola marasa raga. A kansa ake rataya kafet, a ɗauko sandar kara da aka tanƙwara kanta kamar faifai, a yi ta jibga har ƙura ta daina tashi. Aikin ya yi ƙara da yawa, har ta kai a garuruwa da dama an ƙayyade sa'o'in da aka yarda a yi shi. Wannan sanda ita ce kakar duk injinan da masu sana'ar wankin kafet ke jayayya a kansu yau, kuma a wani fanni babu wanda ya fi ta fahimtar matsalar.

Matsalar kuwa ita ce kafet ba daɓe ba ne. Dubban zaruruwa ne a tsaye, kuma mafi yawan dattin da ke cikinsa busasshe ne, wato yashi da ƙura da ƙafa ta shigo da su. Nauyinsu yana kai su can gindin zare, inda tsintsiya ba ta isa. Kowane taku sai ƙwayoyin yashin su gurji zaren kamar wuƙa, shi ya sa hanyar da aka fi bi a ɗaki take dusashewa, wanki kuma ba ya dawo da ƙyallinta. Kafin a kwashe irin wannan datti, dole a fara motsa shi daga mazauninsa. Mai sanda yana yin haka ta bayan kafet, nauyin yashin ya kayar da shi ƙasa. Wahalar ita ce sai an ciro kafet ɗin daga ɗaki. A gidajen masu hali na Ingila da Amurka a ƙarni na 19, inda ake kafe shi da ƙusoshi, sau ɗaya ko biyu a shekara ake iya wannan hidima. Sauran kwanaki barori kan barbaɗa jiƙaƙƙen ganyen shayi su share, domin ganyen ya kama ƙura kada ta tashi.

Wanda ya fara samun kasuwa da dabarar motsa datti ba tare da ɗaga kafet ba shi ne Melville Bissell, mai shagon tangaran a Grand Rapids ta jihar Michigan. Ɓarɓashin abin da ake cusa wa akwatunan kayansa ya addabi kafet ɗin shagon, sai ya ƙera akwati mai ƙafafu da buroshi a ciki, wanda ke juyawa idan an tura, yana wurga datti cikin wani ɗan kwano. Ya yi rajistar ƙirar a 1876. Da ya rasu a 1889 matarsa Anna ta karɓi ragamar kamfanin, ita ce kuma ta kai shi kasuwannin duniya. Na'urar Bissell tana motsa datti amma ba ta zuƙa, don haka abin da ke sama kawai take ɗauka.

Injiniyan Ingila Hubert Cecil Booth ya ɓullo ta ɗaya ɓangaren. Injinsa na 1901 ƙato ne mai amfani da fetur, doki ke jan sa zuwa ƙofar gida, a zura dogayen bututu ta taga. Shi aka kira ya tsabtace kafet ɗin majami'ar Westminster kafin naɗin Sarki Edward na Bakwai a 1902. Yana zuƙa da ƙarfi, amma ba shi da buroshi ko kaɗan. Abin ya zama kamar mutum biyu ne kowa ya riƙe rabin amsa.

Wanda ya haɗa rabin biyun ba injiniya ba ne. James Murray Spangler mai shara ne a wani babban kanti a Canton ta jihar Ohio, yana fama da asma, ƙurar da na'urar shara ke tayarwa tana tsananta masa ciwon. Ya haɗa ƙaramar fanka mai lantarki da buroshi mai juyawa da rigar matashin kai a matsayin jakar tara ƙura, ya samu rajista a 1908. Da yake ba shi da jari, ya sayar wa William Hoover, mai sana'ar kayan fata, wanda matarsa 'yar uwar Spangler ce. A 1926 kamfanin Hoover ya ƙara wani abu a jikin gungumen buroshin: sandunan ƙarfe masu santsi da ke bubbuga kafet yayin juyawa. A nan ne tsohuwar sandar tsakar gida ta shiga cikin inji.

Yadda wannan ƙarfe ke aiki ya cancanci a tsaya a kansa, domin har yau ana tafka asara saboda rashin saninsa. Zuƙar injin tana ɗan ɗaga kafet daga ƙasa, ƙarfen ya doke shi yana reto a kan iska, girgizar ta taso da yashi sama, iska ta kwashe. Sharaɗin shi ne kafet ya iya ɗagawa. Da ofisoshi da otal-otal suka koma manna kafet da gam kai tsaye a kan siminti, sai dabarar ta rasa tushe. Babu sararin reto, ƙarfe yana dukan zare a kan dutse ne kawai, yana cinye shi yana kuma jijjiga injin. Saboda haka injinan da aka yi don irin waɗannan wurare suka watsar da ƙarfen suka koma buroshi zalla.

Shi kansa kafet ya sauya fiye da injinan. Har zuwa 1950 kusan kashi 90 cikin ɗari na wanda ake yi a Amurka saƙaƙƙe ne, galibi na ulu. Amma a yankin Dalton ta jihar Jojiya akwai sana'ar cusa zare a jikin yadi don yin mayafin gado, wadda Catherine Evans ta farfaɗo da ita a 1895, kuma da aka mayar da ita ta inji mai ɗaruruwan allurai, aka haɗa da zaren nailan, sai farashi ya faɗi warwas. Cikin shekaru kamar ashirin lissafin ya juye. Kafet ya zama abin malala ɗaki bango zuwa bango, wanda ba a ciro shi sai ranar da za a jefar. Ke nan wanki ma dole a zo a yi shi a inda yake, kuma daga nan sana'ar ta samu gindin zama.

Masu sana'ar na farko sun ari abin da suka tarar: injin goge daɓe mai faifai ɗaya, wanda ke juyi 175 a minti. Suka sa masa buroshi, suka zuba sabulu mai kumfa, suka cuɗa. Cuɗar ta yi ƙarfi, ido kuma yana ganin haske nan take. Aibinsa bai fito ba sai bayan makonni: ba a ɗauraye sabulun, sai ya bushe da danƙo a jikin zare yana kama sabon datti. Daga nan aka samu camfin da ya daɗe a bakin mutane, cewa kafet idan aka fara wanke shi ya fi saurin yin dauɗa. Faifan kuma yana juya zare ta gefe, don haka a kan kafet mai yankakken kai yana iya warware murɗin zaren, ya bar shi buzu-buzu. Wannan lahani ba ya gyaruwa.

Feshin ruwan zafi da zuƙe shi nan take, wanda ya bazu a shekarun 1960 da 1970, ya magance matsalar ɗauraya. Sai dai da yawa daga masu amfani da shi sun koma kuskuren Booth, suka ɗauka ƙarfin ruwa da zuƙa sun wadatar. Alhali tun 1959 Herbert Sinner, masanin sinadarai a kamfanin Henkel na Jamus, ya tsara abin da kowace mai wanki ta sani a hannunta: tsabta tana fitowa ne daga sinadari da zafi da lokaci da cuɗa, kuma duk wanda aka rage sai sauran sun biya bashinsa. Ma'aikacin da ya tsallake cuɗa yakan cike giɓin da sabulu mai kaifi ko ruwa mai yawa. Na farko yana ɓata launi, musamman a ulu. Na biyu yana barin kafet jiƙe kwana da kwanaki, ya yi wari, tabon da ke gindi kuma ya biyo danshi ya sake hawowa sama.

Injin da ya fi dacewa da wannan darasi shi ne mai tagwayen buroshi, gungume biyu a kwance suna juyawa suna fuskantar juna. Maimakon ya murza zare ta gefe, yana tsefe shi daga ƙasa zuwa sama, yana miƙar da wanda ya kwanta, yana fito da gashi da yashi. Kamfanin Host na Racine a jihar Wisconsin ya daɗe yana amfani da shi wajen cusa wani gari mai ɗan danshi da ke tsotse datti kafin a zuƙe, wanda jikan ganyen shayin nan ne kai tsaye. Daga baya masu ruwan zafi suka ɗauke shi don cuɗa sinadari kafin ɗauraya, haka ma masu amfani da sinadarin da ke bushewa ya zama ƙwayoyi, wanda ya yaɗu a shekarun 1990. Ba shi da saurin faifai a babban zaure, tsadarsa ma ta fi, amma ɓarnarsa kaɗan ce idan an zaɓi taushin buroshi daidai: mai laushi ga ulu, wanda zafi da gurza ke cukurkuɗawa, mai ɗan tauri ga gajeren nailan na ofis.

Faifan bai mutu ba. Da tabarmar auduga a ƙarƙashinsa, otal-otal suna son sa don haskaka baranda cikin dare ta bushe kafin asuba, ko da yake saman zare kawai yake sharewa, kuma wasu masu ƙera kafet suna gargaɗi a kansa a takardar garanti.

Mai shirin sayen inji a Kano ko Damagaram yana da ƙarin lissafi guda. Iskar hunturu tana ɗauko ƙura daga kwarin Bodele na Chadi ta sauke ta a masallatai da zaurukan taro watanni a jere, kuma wannan ƙura da ta sha ruwa laka take zama a gindin zare. A irin wannan wuri, buroshin da ke taso da busasshen datti da injin zuƙa mai kyau su ne kayan farko, injin ruwa ya biyo baya. Kafin kowanne ya hau kafet ɗin abokin ciniki, akan duba abu uku: ko zaren ulu ne ko roba, ko kansa yankakke ne ko lanƙwasasshe, da ko an manna shi da gam ko yana kan katifa.