BABI NA UKU: Tafiyar Ƙudurin Dokar Shari'a a Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, 1999 zuwa 2002

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin yadda batun shari'ar Musulunci ya shiga Majalisar Dokokin Jihar Kaduna a ƙarshen shekarar 1999, da kuma hanyar da ya bi kafin ya fito a matsayin dokoki a 2001 da 2002. Za a dubi al'amarin ne ta fuskar ƙasar Likoro da maƙwabtanta. Likoro dai gunduma ce a cikin Ƙaramar Hukumar Kudan, wadda hedkwatarta ke Hunkuyi. An ciro Kudan daga Maƙarfi a 1996, ita kuwa Maƙarfi daga Ikara aka ciro ta tun da farko. Wani abin da ya ƙara wa yankin muhimmanci a wannan tarihi shi ne, gwamnan da aka yi wannan dambarwa a zamaninsa, wato Alhaji Ahmed Mohammed Maƙarfi, ɗan wannan yanki ne. Abin da babin ke son nunawa shi ne, dokokin da suka fito daga ƙarshe sun bambanta da abin da masu goyon baya suka nema, sun kuma bambanta da abin da masu adawa suka ji tsoro, domin kuwa abubuwan da suka faru a wajen zauren Majalisa su ne suka sauya musu kama.

3.1 Matsayin Shari'a Kafin 1999

Shari'ar Musulunci ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zazzau. Ko da Turawa suka kafa mulkinsu a farkon ƙarni na ashirin, sun bar kotunan alƙalai da na sarakuna suna aiki a ƙarƙashin En'e, sai dai sun hana wasu hukunce-hukunce irin su yanke hannu da jefewa. Babban sauyi ya zo ne gab da samun 'yancin kai. A 1958 gwamnatin Sardauna ta naɗa wani kwamiti na masana shari'a a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. A cikin wakilansa akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Anderson daga Landan, da Wazirin Borno Shettima Kashim, da Malam Musa babban alƙalin Bida, da kuma Peter Achimugu, wanda Kirista ne daga ƙasar Igala. Ya kamata a riƙe wannan haɗin gambiza na wakilai a rai, domin za a sake dawowa kansa.

Shawarar wannan kwamiti ce ta haifar da dokar laifuffuka wadda Hausawa suka sani da Final Kod. An zartar da ita a 1959, ta fara aiki a 1960. An ɗauko tsarinta daga dokar Sudan, wadda ita ma daga ta Indiya aka ɗauko ta, amma an saka mata wasu abubuwa domin Musulmi, kamar laifin shan giya da bulalar haddi. Tun daga wannan lokaci shari'ar Musulunci ta taƙaita ga al'amuran aure da saki da gado da sauran ma'amaloli. Daga baya gwamnatin soja ta yi dokar Kotunan Yanki a 1967, ta karɓe kotuna daga hannun En'e, ta kuma rushe kotunan sarakuna. Saboda haka manomin Likoro da ya kai ƙarar gadon gona a 1998, a Kotun Yanki zai tsaya, alƙali ya raba masa gado bisa mazhabar Malikiyya. Amma idan an sace masa bijimi, da Final Kod za a hukunta ɓarawon.

3.2 Yadda Ƙuduri Ke Zama Doka

Tsarin Mulki na 1999 ya ba majalisar dokokin jiha ikon yin doka a sashe na 4, sashe na 6 kuma ya ba ta ikon kafa kotuna. Bisa al'ada ana yi wa ƙuduri karatu na ɗaya, sannan na biyu inda ake muhawara a kan manufarsa, sai a miƙa shi ga kwamiti, daga nan a yi karatu na uku a zartar. Sashe na 100 ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, idan kuwa ya ƙi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa na iya mayar da ƙudurin doka ba tare da shi ba. Majalisar Kaduna tana da wakilai 34, tana kuma zama ne a zauren Lugga, wato inda Majalisar Jihar Arewa ta zartar da Final Kod a 1959.

Sassa uku ne aka fi jayayya a kansu. Masu adawa sun riƙe sashe na 10, wanda ya hana gwamnati ɗaukar wani addini ya zama na hukuma. Masu goyon baya sun riƙe sashe na 38, wanda ya ba kowa 'yancin yin addininsa. Sashe na uku, wanda ba a cika ambatonsa a wajen taro ba amma ya fi sauran tasiri a aikace, shi ne na 36(12), wanda ya ce ba za a hukunta mutum a kan wani laifi ba sai an bayyana laifin da hukuncinsa a cikin rubutacciyar doka. Ma'anar wannan ita ce, alƙali ba zai buɗe littafin fiƙihu ya yanke hukuncin laifi kai tsaye ba. Dole sai majalisa ta mayar da hukuncin ya zama doka, sashe bayan sashe.

3.3 Kwamitin Mutum Goma Sha Ɗaya

A ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamnan Zamfara, Alhaji Ahmad Sani, ya ƙaddamar da shari'a a Gusau a gaban ɗimbin jama'ar da suka zo daga ko'ina a Arewa. Daga nan sai kiraye-kiraye suka yawaita ga sauran gwamnoni da 'yan majalisu da su bi sahu. A watan Disamba 1999 Majalisar Dokokin Kaduna ta kafa kwamiti na mutum 11 domin ya tattaro ra'ayoyin jama'a a kan yiwuwar aiwatar da shari'a a jihar. Dukkan wakilan kwamitin Musulmi ne.

A nan ne tafiyar ta fara samun tangarɗa. Sashe na 103 ya ba majalisa ikon naɗa kwamitinta yadda ta ga dama, don haka ba za a ce an karya doka ba. Amma jihar Kaduna ba Zamfara ba ce. Kudancinta yawanci Kiristoci ne, birnin Kaduna kuwa gauraye yake, kuma ba a daɗe da fita daga rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992 ba. Hasali ma, mutanen kudancin jihar da yawa ba su ɗauki batun a matsayin na kotu kawai ba. Sun haɗa shi ne da tsohon kukansu na zama a ƙarƙashin hakiman da Masarautar Zazzau ke turo musu. Idan aka kwatanta da kwamitin 1958, za a ga cewa gwamnatin Sardauna, wadda ke da rinjaye mai ƙarfi kuma ba ta buƙatar ƙuri'ar kowa kafin ta zartar da doka, ta ga dacewar saka wanda ba Musulmi ba a cikin masu ba da shawara. Majalisar 1999 ba ta yi haka ba, sakamakon kuwa shi ne 'yan majalisa Kiristoci suka nuna rashin amincewa tun daga yadda aka kafa kwamitin, Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, wato CAN, kuma ta ƙi bayyana a gabansa.

Kwamitin ya soma zaman jin ra'ayi a farkon 2000. Ƙungiyoyin Musulmi da ayarin jama'a daga ƙananan hukumomi sun yi ta zuwa Kaduna suna miƙa takardunsu, zuwan nasu kuma ya riƙa ɗaukar kamar gangami. Ga talakan arewacin jihar, kiran shari'a ya ƙunshi abubuwa fiye da haddi. Akwai gajiya da kotunan da ake zargi da cin hanci da jan ƙafa, akwai matsalar sata da fashi, akwai kuma tunanin cewa mulkin farar hula ya buɗe ƙofar dawo da abin da aka rasa a 1960. Gwamnatin jiha ta kafa nata kwamitin daban mai wakilai daidai wa daida daga addinan biyu, amma a lokacin kowane ɓangare ya riga ya ja daga.

3.4 Fabrairu da Mayu 2000

A ranar Litinin 21 ga Fabrairu 2000 ƙungiyar CAN ta shirya jerin gwanon nuna adawa a birnin Kaduna, zuwa Majalisa da Gidan Gwamnati. Gwamna Maƙarfi ba ya ƙasar a ranar, mataimakinsa Stephen Shekari ne ke riƙe da jihar. Jerin gwanon ya rikiɗe ya zama faɗa, aka kwashe kwanaki ana kashe-kashe da ƙone-ƙonen gidaje da masallatai da majami'u. Hukumar binciken da gwamnatin jiha ta kafa ta ba da adadin mutum 1,295 da suka mutu a rikicin Fabrairu kaɗai, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch kuwa ta ce waɗanda suka mutu a rikicin shekarar sun kai 2,000, wataƙila ma har 5,000. An yi ramuwar gayya a kan 'yan Arewa a Aba da wasu garuruwan kudu maso gabas. A watan Mayu rikicin ya sake ɓarkewa a Kaduna. Daga nan ne mazauna birnin suka rarrabu, Musulmi suka fi komawa arewacin kogi, Kiristoci kuma kudancinsa.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan jini an zubar da shi ne alhali Majalisa ba ta zartar da wata doka ba. Batun yana matakin kwamiti ne kawai.

A ranar 29 ga Fabrairu, bayan taron Majalisar Ƙoli ta Ƙasa a Abuja, Mataimakin Shugaban Ƙasa Atiku Abubakar ya ba da sanarwar cewa an amince a dakatar da aiwatar da shari'a a koma ga Final Kod. Tsofaffin shugabanni biyu, Alhaji Shehu Shagari da Janar Muhammadu Buhari, sun musanta cewa an cimma wannan matsaya. Zamfara ma ba ta dakata ba, domin a watan Maris ta zartar da hukuncin yanke hannu na farko.

3.5 Dokokin 2001 da 2002

Bayan waɗannan rikice-rikice, ragamar batun ta koma hannun ɓangaren zartarwa. Gwamna ya sami kansa a tsaka mai wuya. Mutanen yankinsa na Maƙarfi da Kudan da Ikara da Zariya suna kallon jihohin Kano da Katsina da Sakkwato suna ƙaddamar da shari'a ɗaya bayan ɗaya, jam'iyyarsa ta PDP kuwa tana da ɗimbin magoya baya a kudancin jihar. Mafitar da gwamnati ta kawo ita ce a rushe Kotunan Yanki gaba ɗaya, a maye gurbinsu da Kotunan Shari'a domin Musulmi da Kotunan Gargajiya domin masu bin al'adunsu, su yi aiki tare da Kotunan Majistare da aka saba da su. A cikin 2001 Majalisa ta zartar da dokokin da suka tabbatar da wannan tsari, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Gargajiya, kishiyar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke nan tun 1960. Sabon tsarin ya fara aiki ranar 2 ga Nuwamba 2001. Ba a yi irin bikin Gusau ba. A cikin wa'adin mulkinsa na farko kuma gwamnan ya ƙirƙiro sababbin masarautu a kudancin jihar, abin da ya rage wani ɓangare na kukan da aka ambata a baya.

Sai dai kafa kotu bai wadatar ba, saboda sashe na 36(12). Wannan ya sa Majalisa ta sake komawa kan batun a 2002, ta zartar da dokar laifuffuka ta shari'a da kuma dokar bin ƙa'idar shari'ar laifuffuka. Ke nan an ɗauki fiye da shekara biyu tsakanin kafa kwamiti da kammala dokokin, aikin da Zamfara ta gama cikin 'yan watanni. Ko a 2002 ɗin ma zaman lafiya bai tabbata ba, domin bayan shugabannin addini 22 sun sa hannu a Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna a watan Agusta, sai ga rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya a watan Nuwamba.

A ƙasar Likoro, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne manoma rake da tumatir da hatsi, ƙararrakin da suka fi zuwa gaban alƙali su ne na aure da gado da bashi da iyakar gona, waɗannan kuwa dama da fiƙihun Malikiyya ake yanke su tun zamanin Kotun Yanki. Sauyin da ya shafe su kai tsaye shi ne na laifuffuka, wato ɓarawon bijimin da aka ambata a baya, idan Musulmi ne, ya koma ƙarƙashin dokar 2002 maimakon ta 1959. Bugu da ƙari, yadda aka ɗora hurumin Kotun Shari'a a kan addinin mutum yana da muhimmanci a wannan yanki fiye da yadda ake zato. A ƙasashen Ikara da Maƙarfi da Kudan akwai ƙauyukan Maguzawa da na Hausawa Kiristoci, waɗanda harshensu da sana'arsu da kasuwanninsu ɗaya ne da na maƙwabtansu Musulmi. Da an raba jihar ne gida biyu bisa taswira, a ce arewa ta shari'a kudu ta gargajiya, da waɗannan mutane sun faɗa ƙarƙashin dokar laifuffukan da ba ta addininsu ba. A tsarin da aka zartar, wanda ba Musulmi ba ba ya shiga hurumin Kotun Shari'a sai da yardarsa, idan kuwa bai yarda ba, ƙararsa tana zuwa Kotun Majistare ko ta Gargajiya.